Malaman Duban Zakaran Gobe

A duk sana'o'in da ake yi da baki, ban ga wadda ta kai hasashen zakaran damben boksin arha ba. Ba jari, ba lasisi, kuma in maganarka ta sha ƙasa babu mai zuwa ƙofar gidanka neman diyya. Boka ma in ya buga ƙasa ba ta ci ba, akan koma a tambaye shi labarin ragon da aka kai masa. Amma mutum zai zauna a bencin mai shayi, ko a gidan kallo ana jiran a tayar da janareto, ya ɗaga yatsa ya rantse cewa wani yaro ɗan shekara 20 da ke Landan ko Las Vegas zai ɗaura kambun duniya kafin baɗi. Baɗi ta zo, yaron yana kwance yana ƙirga fitilun rufi, mai rantsuwa kuwa yana nan a bencinsa, ya riga ya samo wani yaron.

Na gaba a sahu shi ne Mai Sifili. Shi bai cika kallon damben ba, lamba yake kallo. Zai shiga BoxRec, rumbun intanet da ake ajiye tarihin kowane ɗan dambe, ya turo maka waya har kusa da hanci: "Duba nan, Malam. Ya yi 18, ya ci 18, faɗuwa sifili. Me kuma ya rage?" Abin da ya rage shi ne ya danna sunayen mutum 18 ɗin ya ga su wane ne, sai dai yatsansa ba ya kaiwa can. Da ya danna, da ya tarar da wata sana'a mai zaman kanta: mutanen da ake bugo wa waya ranar Laraba, su hau dandali ranar Asabar, su sha kashi cikin mutunci, su karɓi kuɗinsu su koma gida da haƙoransu cif. Sarkinsu a Ingila shi ne Peter Buckley, wanda ya ajiye safar hannu a 2008 bayan dambe 300, aka doke shi a 256. Kada a ɗauke shi rago. Gwanin kare kai ne, kuma lissafinsa a fili yake: in ya bari aka sumar da shi, hukuma za ta dakatar da shi na makonni, cefane ya tsaya, in kuma ya cika doke yaran mutane, wayarsa ta daina ƙara. Saboda haka sai ya sa yaro ya yi gumi, ya koya masa abu ɗaya ko biyu, ya bar masa nasararsa. Naseem Hamed ma sau biyu ya bi ta kansa kafin duniya ta san shi. Da gumin irin waɗannan bayin Allah ake gina sifilin da Mai Sifili yake rantsuwa da shi.

Babbar sallarsa ita ce zamanin Edgar Berlanga, ɗan New York ɗin nan da ya gama dambensa 16 na farko duk a turmin farko. Mai Sifili har bacci ya daina yi. Bai tsaya ya yi ɗan lissafi ba: turmi minti 3 ne, ke nan duk waɗannan nasarori a haɗe ba su cika minti 48 ba. Yaron da bai taɓa zama a kan kujerar kusurwa yana haki ba, wa ya san abin da ƙafafunsa za su ce a turmi na tara? An samu amsa daga baya. Canelo Alvarez ya kai shi ƙasa ya kuma cinye shi da maki a 2024, Hamzah Sheeraz ya gama da shi a turmi na biyar a 2025. Mai Sifili bai ce uffan ba, ya dai share hotunan daga wayarsa wai don wuri ya cika.

Kusa da shi akwai Mai Duban Ƙirji, wanda hujjarsa ta fara daga kafaɗa ta ƙare a ƙwauri. Ranar awon nauyi ita ce ranar dambensa, abin da ya biyo baya shaida ce kawai. Shi ne ya naɗa Michael Grant sarauta tun kafin a kaɗa ƙararrawa: dogo mai mita 2, jiki a murɗe, ya ci 31 ba faɗuwa. Lennox Lewis bai bar shi ya ga turmi na uku ba a watan Afrilun 2000. Shi ne kuma ya yi dariya har da riƙe ciki ranar da Andy Ruiz ya cire riga a gefen Anthony Joshua a New York, a 2019. Ruiz ma ba shi aka shirya ba, cike gurbi ya yi bayan an kama Jarrell Miller da ƙwayoyin ƙara kuzari. "Wannan mai tumbin? Wallahi ko mai gadin Joshua ba zai iya ba." Joshua ya kai shi ƙasa a turmi na uku, Mai Duban Ƙirji ya miƙe tsaye yana neman shaidu. Mai tumbi ya tashi, ya kai Joshua ƙasa sau biyu a wannan turmin, ya ƙara biyu a na bakwai, alƙali ya raba. Abin da awon tela ba ya nunawa shi ne saurin hannu, Ruiz kuwa tun yana ƙaramin yaro yake dambe. Amma a yi wa mutumin namu adalci: bayan wata shida Ruiz ya iso Saudiyya da ƙarin kusan kilo 7, ya yi ta bin Joshua turmi 12 bai kama shi ba. Har gobe da wannan daren Mai Duban Ƙirji yake kare kansa, na farkon kuwa "tsautsayi ne."

Mai Asali ba ya ɗaukar lokaci. Tambayarsa ɗaya: "Ɗan wane ne?" In an ce ɗan tsohon zakara, sai ya gyara hula ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Marvis, ɗan Joe Frazier, mutumin kirki ne kuma ya iya dambe daidai gwargwado, amma Larry Holmes ya sallame shi a turmin farko a 1983, Mike Tyson kuma cikin daƙiƙa 30 a 1986. In ka kawo masa wannan sai ya jefo maka Floyd Mayweather, ya manta cewa a can ɗan ne ya yi gudu. Uban bai taɓa riƙe kambun duniya ba.

Sai kuma wanda na fi jin daɗin zama kusa da shi, wato Namu Ne. Wannan bawan Allah ba ya buƙatar ganin naushi ko ɗaya. Suna kawai zai ji. In sunan ya yi kama da na gida, ko aka ce kakan yaron ya taɓa zama a Legas, ko ya ga yaron ya yi sujada bayan nasara, to an gama, kambu na nan tafe. Yana da tarihi a bayansa, ban hana shi ba. Hogan Bassey na Kalaba ya doke Cherif Hamia a Paris a 1957 ya zama zakaran duniya Najeriya ba ta ma samu 'yanci ba. Dick Tiger ya karɓe kambu daga Gene Fullmer a 1962, ya kuma kare shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a 1963. Samuel Peter ya riƙe na hukumar WBC a ajin masu nauyi a 2008, ko da yake watanni kaɗan ya yi a hannunsa kafin Vitali Klitschko ya dawo ya karɓa. In mutumin daga Maraɗi ko Damagaram yake, zai tuna maka Issaka Daboré da tagullarsa ta Munich a 1972, lambar Olamfik ta farko da Nijar ta samu. Matsalar Namu Ne ita ce takardar zama ɗan ƙasa da yake bayarwa tana da wa'adi. Ranar da Joshua ya tashi daga ƙasa ya gama da Wladimir Klitschko a gaban mutum 90,000 a Wembley, a 2017, ɗan Shagamu ne, ga ma taswirar Afirka da Najeriya a cikinta a kafaɗarsa. Ranar da Oleksandr Usyk ya karɓe kambunan a 2021, "ai dama Baturen Ingila ne, a Watford aka haife shi, shayi da biskit ne suka rene shi."

Shi ne kuma ya ba mu fassarar abin da ya faru da Efe Ajagba a 2018. An kaɗa ƙararrawar farko, abokin karawarsa Curtis Harper ya juya, ya ratsa igiya, ya sauka, ya bi hanyar da ya shigo ya yi tafiyarsa. Harper ya ce rigimar kuɗi ce. Namu Ne ya ce kwarjini ne, har yana rage murya yana cewa akwai abin da aka ɗaura wa yaron daga gida. Da Frank Sanchez ɗan Kuba ya cinye Ajagba da maki a 2021, ba a sake jin zancen abin da aka ɗaura ba. Yanzu duk ya tattara kayansa ya koma kan Moses Itauma, bahagon nan da aka haifa a Sulobakiya a ƙarshen 2004, uwa 'yar can, uba ɗan Najeriya, ya tashi a Ingila. Da yaron ya gama da Dillian Whyte cikin ƙasa da minti 2 a Riyad a watan Agustan 2025, Namu Ne ya yi kwana uku yana karɓar barka. Yaron yana da sauri, wannan ba a musu, kuma ni ma ina cikin masu zuba ido. Amma ƙasashe uku ne ke da haƙƙi a kansa, kuma na san biyun da za a bar wa shi in rana ta ɓaci.

Ɗan Bidiyo yaro ne, kuma iliminsa daƙiƙa 30 ne a TikTok: ɗan dambe yana dukan tafin kocinsa, an ɗan ƙara wa hoton gudu, an sa kiɗa. "Yaya, kalli hannu! Ido ma ba ya gani!" Ka ce masa tafin koci ba ya ramawa, ya ce kai tsohon yayi ne. Ba a jayayya da shi, a jira data ɗinsa ta ƙare.

Kishiyarsa shi ne Baba Na Kinshasa. A wajensa dambe ya ƙare da asubahin 30 ga Oktoba 1974, lokacin da Muhammad Ali ya kwantar da George Foreman a turmi na takwas, shi kuma yana manne da rediyo. In a damben gargajiya ne, to tun Shago, wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa, ba a sake haihuwar namiji ba. Ka durƙusa ka nuna masa sabon yaro: "Baba, me kuka gani game da wannan?" Zai karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa, ya kalla na ɗan lokaci, ya miƙo maka. "Kai yaro, wannan rawa yake yi." Shi ke nan, an rufe shari'a. Abin haushin shi ne Baba ya fi kowa yawan cin duba, ba don ya fi kowa gani ba, sai don ya zaɓi gefen da lissafi yake. A cikin dubban matasan da ke shiga damben kuɗi, 'yan ƙalilan ne ke taɓa kambu, saboda haka wanda ya ce wa kowa "ba zai kai ba" kusan kullum shi ke da gaskiya. Ya kan ce tun farko ya san Ali zai ci, alhali masanan lokacin Foreman suka ba, matashi ɗan shekara 25 da ya ci 40 ba faɗuwa. Wannan kam na yarda da Baba. A nan kowa Ali yake so, kuma ba ilimin dambe ne ya kawo haka ba.

Akwai Mai Zinare, wanda ya ɗauka lambar Olamfik rasit ce ta kambun duniya, sai dai a je a karɓa. Audley Harrison ya ci zinare a Sydney a 2000, BBC ta ba shi kwangilar fam miliyan ɗaya, aka yi ta jira shekara goma. Da ranar ta zo a 2010, gaban David Haye, naushi ɗaya tak aka ƙirga masa kafin a tsayar da wasan a turmi na uku. Henry Tillman ya doke Tyson sau biyu a gwajin shiga tawagar Amurka ta 1984, ya je ya ciyo zinare. Bayan shekara biyu Tyson ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 20, da suka sake haɗuwa a 1990 kuwa Tillman bai ga ƙarshen turmin farko ba. Damben Olamfik turmi uku ne, maki ake tarawa a guje. Na kambu turmi 12 ne da safar hannu ƙarama, kuma a can ana biyan mutum ne don ya ji maka ciwo. Kada a ce masu bencin shayi kaɗai ke zamewa a nan: tashar ESPN da kanta ta zaɓi David Price, mai tagullar Beijing, a matsayin matashin da ya fi kowa alamar gobe a 2012. Watanni kaɗan bayan haka Tony Thompson, dattijo ɗan shekara 41, ya ajiye shi a turmi na biyu a gaban mutanen garinsu, Liverpool.

Daga nan aiki ya koma hannun Mai Likkafani. Shi ba ya naɗa zakara, binnewa yake yi, kuma ba ya jiran a tabbatar rai ya fita. Faɗuwa ɗaya, ya tafa hannu: "An kashe shi. Ya ƙare. A kawo wani." Ina zargin a filin damben gargajiya ya yi karatunsa, inda da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa wasa ya tashi, makaɗa su juya kalangu wajen wanda ya yi kisa. A boksin kuwa ana ƙirga maka goma, kuma bayan goman ma akwai shekaru. Kaburburan da Mai Likkafani ya haƙa aka tarar ba kowa a ciki suna da yawa. Dick Tiger da muke alfahari da shi, dambensa huɗu na farko a Ingila duk doke shi aka yi. Bernard Hopkins ya fito daga kurkuku ya faɗi a dambensa na farko a 1988, daga baya ya kare kambun matsakaita nauyi sau 20, ya kuma sake cin wani yana ɗan shekara 46. Wani Rustico Torrecampo, wanda yau sai an bincika ake tuna shi, ya sumar da Manny Pacquiao a 1996. Yaron da aka sumar ya ci kambu a aji takwas. Breidis Prescott ya watsa Amir Khan cikin daƙiƙa 54 a watan Satumbar 2008, kafin shekara ta zagayo Khan na riƙe da kambun WBA. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Daniel Dubois. A 2020 ya durƙusa a turmi na goma gaban Joe Joyce, ƙashin kwarmin idonsa a karye, mutanen da ƙaya ma ke hana su zuwa aiki suka kira shi matsoraci. A watan Satumbar 2024, a Wembley, shi ne ya kai Joshua ƙasa sau huɗu ya gama da shi a turmi na biyar. A daren Mai Likkafani bai rasa aiki ba, ya dai sauya gawa.

Duk waɗannan kyauta suke duba. Mai cin abinci da abin shi ne Dillali, mai shirya wasa, kuma shi kaɗai ne in ya ce yaro zai zama zakara yake da hanyar sa maganarsa ta tabbata. A bakinsa kowane yaro da ya sa wa hannu ba a taɓa ganin irinsa ba tun Tyson. A zuciyarsa kuwa ba "wa ya fi kowa" yake tambaya ba, "wane kambu ne ke hannun mai rauni" yake tambaya. Hukumomi huɗu ne manya, WBA, WBC, IBF da WBO, azuzuwan nauyi na asali 17, ke nan kujeru 68 kafin a zo kan na riƙon ƙwarya da sauran 'yan kambunan da ake ƙirƙira don a karɓi kuɗin rajista. Ya san yadda ake sayen ƙaramin kambun yanki don a shiga jerin 15 na farko, ya san wanda za a kauce wa, ya san ranar da za a buga waya. A farkon 2016 Charles Martin ya samu kambun IBF bayan gwiwar abokin karawarsa ta goce a turmi na uku. Nan da nan aka yi masa tayin da ba ya ƙiwa, ya zo Landan, Joshua ya karɓe a turmi na biyu, a dambensa na 16. Kwana 85 Martin ya yi yana sarauta. Joshua ya tabbatar da kansa daga baya, amma ƙofar da ya shiga ta, mai ido ne ya hango ta a buɗe.

Akwai wani da ba a cika saya wa shayi ba, don hirarsa ba ta da daɗi. Tsohon koci ne, ko wanda ya taɓa sa safa ya san ɗanɗanon jininsa. Ana ihun naushi, shi ƙafa yake kallo. Yana duba ko yaron na mayar da hannu haɓa bayan ya jefa, ko yana numfashi ta baki tun turmi na huɗu, ko yana sauraron mai ba shi ruwa ko kuwa idonsa na kan kyamara, ko nauyi na ba shi wahala ranar awo, da kuma su wa ke biye da shi bayan an biya shi kuɗin farko mai kauri. Ka matsa masa: "Malam, zai kai ko ba zai kai ba?" Sai ya ce, "A bari a nausa shi tukuna. Ban ga fuskarsa ba bayan ya ji wanda bai gani ba." Ka ce ai ya yi 18. Ya ce, "Ya yi 18 da mutanen da suka zo karɓar albashi." Mutane sukan tashi su bar shi, don ba a zo majalisa a ji "sai mun gani" ba. Ni dai in zan sa kuɗina, gefensa zan zauna, ko da yake shi bai taɓa ce wa kowa ya sa ba.

Na ƙarshe shi ne Ai Na Faɗa, shi kuwa ba a ganinsa kafin wasa. Washegari yake ɓullowa, da fara'arsa, ya ja kujera. Shi ya faɗi Ruiz, shi ya faɗi Dubois, shi ya ce a yi hankali da Martin Bakole ɗan Kwango tun kafin ya tarwatsa Jared Anderson, wanda Amurkawa suka gama naɗawa, a 2024. Wa ya faɗa wa? Wani abokinsa da ya koma Fatakwal, lambarsa kuma ba ta shiga. Na zamani ma ya fi wayo: saƙo biyu yake rubutawa a WhatsApp, ɗaya a wannan zaure ɗaya a wancan, da safe ya goge wanda ya faɗi ya ɗauki hoton wanda ya ci. Babban abin tinƙahonsa shi ne Tokyo, Fabrairun 1990, ranar da Buster Douglas ya kwantar da Tyson a turmi na goma alhali 'yan caca sun sa 42 da 1 cewa ba zai iya ba. Zai ba ka labarin yadda ya lura Tyson ba ya motsa kai, yadda ya gargaɗi jama'a aka yi masa dariya, har da wanda ya zo ya ba shi haƙuri daga baya. Wani mai naci a majalisa ya taɓa karɓar katin zaɓensa wai zai duba hoto. An haife shi a 1994.